Malam Faranti da Girgizar da Ya Daɗe Yana Jira

Idan ka shigo Azare ka ce kana neman Malam Babakura, sai an tambaye ka wanne, domin Barebarin garin ba su yi rowar sunan ba. Amma ka ce Malam Faranti, ko ɗan acaɓan da ya zo jiya zai sauke ka a ƙofar gidansa. Bai taɓa sayar da faranti ba, kuma abincinsa a kwanon samira yake ci. Ɗalibai ne suka laƙa masa sunan, ya yi faɗa, ya yi bulala, sunan ya ƙara zama daram.

Kakansa ya zo daga Gaidam da jakai ɗauke da kanwa, ya ce zai huta kwana biyu ya wuce Kano, har ya rasu yana hutawa. Babansa ya yi dillancin fata. Shi kuwa boko ya tafi da shi, ya fito malamin labarin ƙasa. An tura shi Gololo, an mayar da shi Bulkachuwa, daga baya da aka rasa inda za a ƙara jefa shi sai aka dawo da shi wata sakandaren gwamnati a cikin gari, can ya yi furfura. Gidana yana kallon nasa, majalisarmu ɗaya, kuma yarana sun bi ta ajinsa, saboda haka darasin da ya jawo masa suna na ji shi a makaranta, na ji shi a gida, na ji shi a wajen zaman makoki.

Ga yadda yake farawa. "Ƙasar nan da kuke takawa kuna taƙama ba dunƙule guda ba ce. Ɓawonta a tsattsage yake kamar tulun da ya fashe aka harhaɗa. Kowane ɓangare sunansa faranti, kuma dukkansu tafiya suke yi, a hankali, kamar yadda farce yake tsiro." Sai ya ce a wani wuri farantai biyu rabuwa suke yi, a wani wuri karo suke yi. Waɗannan biyun a gurguje yake bayaninsu, kamar mai alwala da sanyin asuba. Na ukun shi ne abin ƙaunarsa: inda farantai biyu suke wuce juna kafaɗa da kafaɗa, wannan ya nufi gabas wancan ya nufi yamma. Ba dutse mai aman wuta, ba sabon tsauni, ba abin kallo. Gefunansu ne suke sarƙewa, su yi shekaru ɗaruruwa a cije, ƙarfi yana taruwa, rana ɗaya su fizge, duk abin da aka gina a kai ya ji a jikinsa.

Da yake makarantar ba ta da taswirar da ɓera bai ci rabinta ba, sai ya samo bulo biyu. Yana jera su a kan tebur, ya ja layin alli ya ratsa su, ya ɗora ɗan ginin kwalin ashana a kai, sannan ya matse su yana tura ɗaya gaba ɗaya baya, jijiyoyin wuyansa a waje, har su fizge. Layin ya rabu biyu, kwalin ya kife, shi kuma ya dubi aji da fuskar wanda aka yi wa haihuwa. Wata shekara bulon ya zame ya sauka a kan babban yatsan ƙafarsa. A tarihin makarantar, wannan ce kawai girgizar ƙasar da ta raunata mutum, kuma ita kaɗai ɗalibai ba su manta ba a jarrabawa.

A majalisarmu ta gindin darbejiya akwai Alhaji Jalo, mai sayar da hatsi, wanda Allah ya ba shi baki ya hana shi birki. Kusan kullum gaisuwarsa ɗaya ce.

"Malam, yau farantin namu ya motsa? Ina so in ji ko gonata ta Bulkachuwa ta matso, in huta da shan mai."

Malam ba ya gane zolaya idan ta shafi ilminsa. Sai ya gyara zama ya bayyana cewa mu a tsakiyar farantin Afirka muke, nesa da kowane gefe, don haka da wuya mu ga wani abin kirki. Yana faɗa ne da takaici, kamar wanda aka haifa a garin da ba kasuwa.

Shekarar da ƙasa ta ɗan motsa a Mpape, gefen Abuja, mutane suna kwashe kayansu suna barin unguwar, Malam ya nemi izinin ganin likita ya hau mota ya nufi can. Kafin ya isa ƙasar ta gama abin da za ta yi. Ya kwana biyu a ɗakin wani tsohon ɗalibinsa, da rana ya zauna kan dutse da kofin ruwa a gabansa yana jiran ya ga ruwan ya kaɗa. Sau ɗaya ya kaɗa, aka ce masa tirela ce ta wuce. Ya dawo da zazzaɓin cizon sauro, ya ga likitan da ya ce zai gani.

Cikin 'ya'yansa biyar Hidaya ce kaɗai take zama ta saurare shi har ƙarshe, shi ya sa ya ɗauka ita ce magajiyarsa. Da ta tashi zaɓa sai ta zaɓi harhaɗa magunguna, ta ce tana son karatun da ake nema a Azare. Yarinya ce mai kai, ta samu tallafin karatu zuwa Turkiyya, aka ba ta gurbi a wani gari wai shi Malatya. Ranar da labarin ya zo, Malam ya duba garin a wayar babban ɗansa, fuskarsa ta yi haske.

"Kin san inda za ki kuwa? Gab da layin ne. Nan farantin Anatoliya yake wuce farantin Larabawa. Abin da nake nuna muku da bulo, ke a kansa za ki kwana."

Matarsa Hajiya Kellu tana tankaɗe, ta ajiye rariya. "Malam, wato ka san ƙasar wajen tana motsi, kuma murna kake yi?"

"Hajiya, bara waccan ta ɗan saki a yankin, ta rage nauyi. Ta huce."

Hidaya ta tafi. Ta kama haya da wasu 'yan mata biyu a bene na wata tsohuwa. Duk kiran da za ta yi, bayan gaisuwa sai ya tambaye ta ko ta ji wani motsi. Ta ce sanyi kawai take ji.

Wata Litinin ta farkon watan Fabrairu, shekarar da aka canja kuɗi kowa yana kwana a layin banki, mun dawo daga sallar asuba ke nan wayarsa ta yi ƙara a ƙofar gida. Hidaya ce. Ya sa a lasifika don kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, shi ya sa na ji komai. Ta ce ƙasa ta girgiza tun kafin asubarsu, sun fito da kayan barci da silifa, suna tsaye a titi cikin ƙanƙara, gidaje da yawa sun faɗi, nasu ya tsage amma yana tsaye.

Abin da uban ya fara cewa, Allah shi ne shaida, shi ne: "Gefe da gefe ta kaɗa ku, ko sama da ƙasa?"

Hajiya Kellu ta fito daga zaure ko mayafi babu, ta fizge wayar. Ta tambayi 'yarta kai, ƙafa, hannu, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sayen tunkiya. Sai da ta tabbatar komai yana wurinsa ta miƙa masa. Zuwa lokacin ya dawo hayyacinsa, muryarsa ta canja.

"Hidaya, ki saurare ni. Wadda ta yi wannan ba ta tafiya ita kaɗai, 'yan rakiya suna biye. Gidan da ya tsage kada ki sake shigarsa."

"Baba, fasfo ɗina yana ciki, da bargo. Kowa yana shiga yana ɗaukowa."

"Ko zinare kika bari. Ki nemi fili, nesa da gini, ki zauna."

"To, Baba."

Duk wanda ya haifi 'ya ya san akwai "to" iri-iri. Malam ya ɗauki wannan a matsayin mai kyau. Ya karya, ya sa babbar riga, ya tafi makaranta, har da ɗan sauri a tafiyarsa, domin ga darasi ya zo da shaida. Kafin azahar wani matashin malami ya same shi a bakin aji ya nuna masa waya. An sake yin wata, kusan girman ta farko, kuma ta fi kusa da Malatya. Malam ya kira. Wata mata ta amsa da Turkanci, muryar na'ura, ta faɗi abin da za ta faɗa ta kashe. Ya sake kira, ita ce dai. Ya bar takalminsa ɗaya a ƙarƙashin teburin ofis, sai da ya kai bakin titi ya lura.

Daga ranar gidan ya cika da 'yan jaje, kowa da ilminsa. Wani dattijo ya ce bijimin san da yake ɗauke da duniya ne ya gaji ya sauya ƙaho. Wani ya ce zunubi ne ya yi yawa a can, ya faɗa da natsuwar wanda ya tabbatar a Azare babu. Wani saurayi ya ce ya gani a waya, Turawa ne suka kunna wata na'ura. Akwai wanda ya zo musamman ya ji ko Turkiyya tana kusa da Makka, don tsohuwarsa tana umara. A karo na farko cikin shekara talatin mutane suka zagaye Malam suna roƙon ya yi musu bayanin farantai, kuma da gaske suke. Ya dube su ya ce, "Sai addu'a." Ya koma ga wayarsa da matar nan ta na'ura.

Hajiya Kellu ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ba ta kuma yi masa faɗa ba. Da ta kawo masa abinci ta ajiye, ta tsaya a kansa ta ce, "Ka ce ta huce." Ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar tsakar gidan da ta riga ta share.

Wanda ya ba kowa mamaki Alhaji Jalo ne. Ya rufe shago ana tsakiyar ciniki, ya shimfiɗa darduma a zauren Malam, ya hau kiran duk ɗan kasuwar da ya taɓa jin ya sari dogayen riguna a Istanbul. Ya samu wani surukinsa Sherif da yake can, ya ce masa ya ɗan leƙa Malatya ya duba yarinya. Sherif ya ce tafiyar ta kusa Azare zuwa Legas, kuma hanyoyi a toshe suke. Alhaji ya ce to ya hau acaɓa mana. Duk da haka Sherif ya baza sunanta da hotonta a wajen ɗaliban Najeriya da ke can. Mun kuma je wani ofis da aka ce shi yake kula da irin wannan, muka tarar ma'aikatan sun tafi taron siyasa, mai gadi ya yi mana alkawarin zai faɗa musu.

Ranar Laraba da la'asar wata baƙuwar lamba ta shigo. Malam ya kasa dannawa, Alhaji Jalo ya danna masa. Hidaya ce, da wayar wani direban bas. Tana raye, wayarta ta mutu, ta kwana biyu a wani filin wasa da ɗaruruwan mutane, wuyan hannunta ya karye an ɗaure, yanzu ana kai su Ankara. Gidan da take haya ya rushe a girgiza ta biyu. Malam ya ce "Alhamdu lillahi" ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, kan takalman mutane. Daga cikin gida muka ji Hajiya Kellu, wadda ta riƙe kukanta tun Litinin, ta sake shi gaba ɗaya.

Kafin Juma'a labari ya samu fasali. Malam ya faɗa a majalisa cewa ya hana ta komawa ciki, ta ji magana, gida ya faɗi babu ita. Gaskiya ya faɗa iya saninsa. Gari ya karɓa ya yi masa ado. Aka ce ya faɗi sa'ar da ta biyun za ta zo. Aka ce tun daga Azare ya hango tsagar ginin. Mutanen da suka shekara talatin suna yi masa dariya suka fara aiko 'ya'yansu ya zo ya duba musu tsagar katanga, har wata mata ta kawo masa jaririn da cibiyarsa ta kumbura. Shugaban makaranta ya tara ɗalibai ya ce ilmin da ake bayarwa a makarantarsa ya ceci rai a ƙasar waje, ya kuma yi amfani da damar ya roƙi a kawo kujeru. Malam ya ƙara tsawon rawanin da yake naɗawa ranar Juma'a.

Hidaya ta dawo cikin azumi, ta rame, hannun ya warke amma ba ta ɗaukar bokiti da shi. Tsakar gida take kwana. Da yake zafi ake yi kowa a waje yake kwana, ba wanda ya lura, sai da ruwan farko ya sauka kowa ya gudu ɗaki, aka gan ta a rakuɓe a bakin rumfar kara tana jiƙewa. Idan babbar mota ta wuce tagogi suka kaɗa, kafin ka ƙifta ido tana ƙofar gida.

Wata rana da yamma suna zaune su uku, uwar tana damun kunu, Malam ya fara ba wani baƙo labarin ta taga. Da baƙon ya tafi Hidaya ta ce, "Baba, na koma fa."

Shi da kansa ya ba ni wannan, daga baya. Ta ce tana ajiye waya ta hau benen. Ta ɗauko fasfo, ta ɗauko bargo, har ta tsaya neman cazar waya ba ta gani ba. Ta fito lafiya. Mai gidan, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta ga 'yan matan suna karkarwa, ta ce ba za ta bar 'ya'yan mutane su daskare a ƙofarta ba, bari ta shiga ta dafa musu shayi, ai ɗakinta a ƙasa yake. Hidaya kuma ta tafi layin burodi a bakin titi. Tana layin ƙasa ta fizge ta gefe ta buga ta da dakali, nan hannun ya karye. Da ta ɗago, hawa huɗun benen sun kwanta kan juna kamar tabarmin da aka jera.

"Na gaya mata abin da ka ce, Baba. Ta yi dariya, ta ce a gaishe ka, ta ce ita a gidan ta tsufa."

Malam ya tambayi sunan tsohuwar. Ta ce Saliha. Washegari ya auno gero ya sa aka yi kunu aka raba a masallacin unguwa, ya roƙi liman a yi wa wata baiwar Allah Saliha addu'a. Mutane suka shafa, suna tambayar juna ko wata gwaggonsa ce ta Gaidam.

Bai gyara labarin a majalisa ba. Ya dai daina ba da shi. Hakan bai rage komai ba, domin Alhaji Jalo ya riga ya karɓi aikin, kuma ya fi shi iyawa. A bakin Alhaji, yanzu har da shi aka yi shawarar.

Da aka koma makaranta Malam ya roƙi Hidaya ta zo ta yi wa 'yan ajinsa bayani, ga ganau ba jiyau ba. Ta ce, "Baba, ka yi musu da bulonka, ya fi." Ya yi da bulon. Ɗana na ƙarshe yana ajin, ya ce komai yana nan yadda yayyensa suka ba shi labari, alli, matsewa, jijiyar wuya, sai dai ya ƙara wani dogon bayani kan ƙarfen gini da siminti wanda ba ya cikin manhaja, aji ya yi barci.

Da kaka Hidaya ta ce za ta koma ta ƙarasa karatunta. Uwar ta ce sai dai bayan ranta, sannan ta haɗa mata yaji da kuka da daddawa. An ba ta gurbi a wani gari wai shi Konya. Malam ya duba taswira, ya auna nisansa da manyan layukan nan, ya ce gari ne shimfiɗaɗɗe, ba abin da yake faruwa a can, kamar nan. Ya faɗa da jin daɗi. Hajiya Kellu ta ce ita dai kada ya sake gaya mata abin da ƙasa take nufi.

Malam ya yi ritaya a shekarar da ta biyo. Ba a kawo wani a gurbinsa ba, aka ce malamin lissafi ya riƙa leƙa ajin idan ya samu sarari. A daminar shekarar aka yi ruwan da ya yanke hanya tsakaninmu da Jama'are, motoci suka yi cirko-cirko, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa. Katangar bayan gidan Malam, wadda Hajiya Kellu ta shekara uku tana cewa gindinta ya ci, ta kwanta da tsakar rana ta danne akurkin kaji. Ba wanda ya ji ciwo sai zakara ɗaya. Malam ya fito ya zagaya ta, hannu a baya, ya ce tushen ne ba shi da kyau, tun farko ya gani.

Hajiya Kellu ta sa aka kafa zana aka kare wajen. Ya ce da ruwa ya ɗauke zai sa a tayar da katanga ta bulo, da ƙarfe a kowace kusurwa, irin wadda ba a taɓa yi a unguwar ba, har ya zana ta a takarda ya nuna mana. Wata daminar ta zo ta wuce. Zanar tana nan, an sauya ta sau ɗaya, kuma awakin maƙwabta sun samu hanya ta ƙasanta.